Bangon Gabas na Ɗakin Inna

Ni mutum ne marar gindin zama, tun ina yaro haka ake faɗa mini. In na ga abu a karkace ba ni samun sukuni sai na taɓa shi, ko da taɓawar ce za ta ƙarasa shi. A shekarar da nake ba da labari ina koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, a Waca, Inna kuwa tana ƙauyenmu, can bayan Yekuwa, cikin ɗakin da ta shiga tun tana amarya. Soro ne na ƙasa mai rufin azara, mahaifina ya gina shi da hannunsa tun ba a yi zancen haihuwata ba. Ni ne auta, ni kaɗai kuma na rage kusa, sauran duk neman abinci ya watsa su.

Idanun Inna sun tafi a hankali bayan rasuwar mahaifina, amma a cikin ɗakinta ba ta neman ɗan jagora. A bangon gabas, daidai kafaɗarta, akwai sawun yatsun mahaifina biyar, inda ya ja laka ranar da ya yi yaɓe. In lokacin salla ya yi sai ta bi bango da hannu har yatsunta su faɗa cikin nasa, ta san ta fuskanci alƙibla, ta shimfiɗa buzu. Na sha ganin ta gama salla ta sake miƙa hannu wurin, ba don neman gabas ba. Ban taɓa tambayarta ba.

Abin da ya hana ni sakat shi ne yoyo. Duk damina sai an jera kwanuka a tsakar ɗakin, ruwa na ɗiga, tsohuwa makauniya na tuntuɓe da su. Ina gaban allo ina koyar da lissafi, hankalina na kan kwanukan nan. Na ƙudura sai na sauke rufin ƙasar na sa kwano.

Wata ranar kasuwar Magaria na tsaya rumfar mai kayan ƙarfe, idona ya faɗa kan injin huda mai batir, wanda ba ya neman wuta. Iri biyu ne a gabansa. Ɗaya baƙi ne, mai nauyi, ba kyan gani, batir biyu gare shi. Ɗayan ja ne, ƙarami, batir ɗaya, cikin akwatin roba da bakunan huda jere kamar haƙoran mashaci.

"Mushe, ɗauki baƙin," in ji mai rumfar, don Mushe ake kiran malamin lakwal a wajenmu. "A ƙauye batir na biyu shi ne injin. Ɗaya na aiki, ɗaya na shan wuta."

"Ɗaki ɗaya zan rufa, ba babbar rumfar kasuwa ba," na ce.

Ya ɗaga kafaɗa ya miƙo mini jan. Na danna kunamarsa ya yi ƙugi a hannuna, na ji kamar an rage mini shekara goma. Na haɗa da ƙusoshi masu murɗi, waɗanda muke kira bis, irin na kwano masu ɗan zoben roba. Ya tambaye ni ko zan ƙara ƙusar guduma ko da kilo ɗaya, saboda halin yau. Na yi dariya, na ce zamanin guduma ya wuce.

Na isa ƙauye da kwano da katako a amalanke. Baffana, ƙanen mahaifina, magini ne, kusan duk soron unguwar da hannunsa a ciki. Ya zo ya zagaya kayan, sannan ya nuna mini kan gawon bayan gida da haɓa. Shamuwa biyu ne zaune a kai.

"Ka gan su? Shekaranjiya suka sauka. Mu nan ba mu buɗe ɗaki bayan shamuwa ta iso. Ka bari a yi kaka, in kira gayya, yini ɗaya mu rufa shi."

"Baffa, gayyata ga ta nan a akwati. Kwana biyu na gama."

"To, Mushe," ya ce. Ba ya kirana Mushe sai in ya ga na cika baki. "Ka dai san sauri shi ya haifi nawa."

Inna ba ta hana ni ba, ba ta kuma ce to ba. Da na kama hannunta zan kai ta ɗakin matar Baffa, sai ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Auta, samansa za ka taɓa ko?" Na ce samansa kawai. "To, ka bar mini bangona." Na ce wa zai taɓa bango, Inna? Har da dariyata.

Na ɗauki 'yan ƙwadago biyu, suka sauke ƙasa da azara a yini ɗaya. Su suna sama suna aiki, ni ina ƙasa injin na cin hannuna. Na ɗaure ƙyauren zaure da ya shekara yana jan ƙasa. Na huda wa matar Baffa marfin tukunya na sa mariƙi, na gyara kujerar tsugunno, na huda wani katako don kawai in ga garin itace na zuba. Maƙwabta suka taru suna kallo, ni kuwa kaina ya yi girma. Da yamma na kai batir wurin mai cajin waya, mutum ɗaya tak mai faifan sola a ƙauyen. Ya duba ya ce abin nan ya fi waya ashirin ci, rana kuma ta riga ta yi sanyi, sai dai ya ba shi abin da ya samu.

Washegari gari ya waye a lumshe. Ba iska, ba rana, sai wani zafi mai danƙo da ke sa mutum ya rasa inda zai sa kansa. Na karɓo batir na hau. Katako ya ɗauru lafiya, na fara kwano daga yamma, don nan tsani yake. Na ɗaya, na biyu, na uku. A na huɗu ƙugin injin ya sauya, ya koma kamar nishin tsohon jaki, ƙusa ta shiga rabi ta tsaya. Na girgiza shi, na cire batir na hura masa iska na mayar. Shiru.

Da gudu na je wurin mai caji. Ya nuna mini sama da yatsa. "Mushe, tun safe faifan bai ga rana ba. Hadarin da ke kawo ruwa ai shi ke ɗauke mini wuta." Sai a lokacin na ga abin da na yi. Na dogara da rana a ranar da ba ta fito ba.

Na bi gida gida ina neman ƙusar guduma. Nan uku, can biyar masu tsatsa da aka zare daga tsohon akwati. Na gwada buga bis da guduma, ta lanƙwashe ta yaga kwanon. Na sauko, na hau, na sake saukowa, na rasa abin da na sauko ɗauka. Zufa na shiga mini ido, ina duba gabas kamar mai jiran hukunci. Bayan azahar gabas ta yi ja, sannan ta yi baƙi.

Baffa ya zo da maza huɗu daga sharar gona, ba wanda ya kira su. Bai dube ni ba. Suka jera sauran kwanon a kan katako suka danne da tubali da guntayen azara, suna yi iska na fizgar rigunansu. Ba su kai ga gama gefen gabas ba guguwar ta iso. Na ga kwano biyu sun tashi sama sun faɗa bayan danga, dole muka sauko don kada ɗaya ya yanke mutum. Ruwan da ya biyo baya irin wanda manomi ke roƙo ne, kamar da bakin ƙwarya, kuma daga gabas yake dukan bangon da ba hula a kansa. Ina tsaye a zaure ina kallon laka na narkewa tana gangarowa ja.

Dab da magariba muka ji wani tim mai nauyi, har ƙasa ta amsa. Ina bakin ɗakin matar Baffa a lokacin, jiƙe sharkaf. Daga ciki na ji muryar Inna, ba kuka, ba salati mai ƙarfi.

"Na gabas ne," ta ce.

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma har yau in na tuna sai na tashi daga inda nake zaune. Da safe gari duk ya fita shuka, ana murna. Ni kuwa ina tsugune cikin tulin laka ina juya guntaye, ko zan ga sawun yatsa ko ɗaya. Baffa ya zo ya tsaya a kaina ya ce, "Tashi. Ƙasa ta koma ƙasa." Bai ƙara da hoho ba, kuma da ya ƙara da ya fi mini sauƙi.

Inna ta yi damina a ɗakin matar Baffa. Bayan kaka Baffa ya kira gayya, aka ta da bangon, aka shafe shi da siminti sumul, aka rufa kwano. Na koma Magaria na sayo baƙin injin mai batir biyu na zo da shi, ban ko taɓa na biyun ba, don guduma biyar na aiki tare da ni.

Ranar da ta koma na zauna bakin ƙofa. La'asar ta yi, ta miƙe ta ɗora hannu a bango ta fara bi. Ta wuce wurin, ta kai kusurwa, ta dawo, ta sake wucewa. Sai ta tsaya a tsakar ɗakin da ta shekara fiye da hamsin a ciki, buzu a hannu, ta ce, "Auta, ina gabas?"

Na tashi na je wurinta. Na juya ta da kafaɗa ta yi salla, na fita na ɗauko injin. Da ta sallame na auna tsayin kafaɗarta, na huda siminti a hankali, na cusa ɗan itace, na murɗa bis ɗaya a ciki, na bar kanta a waje daidai yadda yatsa zai ji. Na kama hannunta na ɗora a kai.

Ta shafa ta da yatsanta ɗan ali, ta zagaya zoben robar, ta daɗe tana shafawa.

"Ubanka biyar ya bar mini," ta ce. "Kai da injinka ɗaya ka iya."

Ta shekara biyu tana salla da ƙusar nan. Kullum tana samun gabas. Amma ban sake ganin ta miƙa hannu wurin bayan ta sallame ba.