Furera Mai Duba Tsumma

Da hantsi za ka tarar da Malama Furera a barandar ƙaramin asibitin Yako, mata sun yi layi da goyo. Sauran ma'aikatan lafiya kati suke fara dubawa, ita kuwa sai ta ce a kwance mata tsumman da jariri ya ɓata. Shekara talatin da biyu tana haka. Ni da nake koyarwa a firamaren da ke kallon asibitin, na sha tsokanarta cewa duk karatunta a leƙen kashin jarirai ya ƙare.

A kan wata jaririya, Shamsiyya, na daina tsokanar. Tana da wata biyar gwaggonta ta kawo ta rigakafi daga wata ruga a bayan Ba'awa, idanunta sun yi rawaya. Gwaggo ta ce shawara ce, suna ba ta jiƙo. Da aka tambayi launin kashin sai ta ce uwar ce ke wankewa. Uwar kuwa, Kulu, tana can gefe ta juya baya. Shamsiyya 'yarta ce ta fari, kunya ba za ta bar ta ta ambaci yarinyar a gaban dangin miji ba.

Da wani ne, nan zai tsaya. Washegari Furera ta hau babur har rugar, ta iske Kulu ita kaɗai a rafi, ta tsuguna tana taya ta wankin ƙwarya. Ba ta ce "'yarki" ba, "yarinyar gidan nan" take ce mata. Can Kulu ta warware wani tsumma, ga kashi fari fat kamar kindirmo.

"Inna, wata guda ke nan ina gani," in ji ta. "Ba ni da bakin faɗa."

Da suka koma rugar, Furera ta shafa cikin yarinyar ta ji ƙullutu a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, ta ce sai an kai ta babban asibiti a Kano. Uban, Sabo, yana shirin tashi da shanu zuwa Doguwa, ya ce a bari sai sun dawo. Ta dube shi ta ce, "Malam Sabo, ciyawa za ta jira ka, hantar nan ba za ta jira ba."

Sabo ya yarda. A Kano hoton ciki ya nuna bututun da ke kai ruwan matsarmama daga hanta zuwa hanji ya kumbura tun yarinyar tana ciki. Likita ya ce mai yiwuwa jijiyoyin jikin bututun ne ba su gama tsirowa ba, ruwan ya taru ya rasa hanya. Ya ce da an ƙara jinkiri, da hantar ta lalace. Aka yi tiyata, ta tashi.

Har yau abin yana ba ni mamaki. Ke ce, Furera, ba na'ura ba komai, kika hango abin da ke ɓoye a bayan hanta. Ke ce kika san inda kunya take sakin harshe.

Ranar da muka taru bikin ajiye aikinta, sai ga Shamsiyya, ta zama mace, rungume da ɗanta na fari. A gaban surukanta ta ratso taron, ta kwance tsumma ta miƙa. Furera ta duba da kyau, ta ce lafiya lau, sannan ta fashe da kuka. Nima ban iya riƙewa ba.

Mun gode, Malama, Allah Ya saka miki da alheri, ki yafe mini tsokana. Ku kuma da kuka gaje ta, kada ku ƙyamaci abin da ta duba. Iyaye mata, in kun ga farin kashi, ku faɗa ko a gaban wa.