Baturiyar Da Take Kirana 'Yar'uwa

Ina koyarwa a wata makarantar firamare a unguwar Malam Inna lokacin da 'yan gudun hijira suka fara kwararowa Gombe daga Borno da Yobe. Babu sansani a unguwarmu, gidajen mutane ne suka ɗauke su. Duk gidan da ka shiga sai ka tarar da baƙuwar fuska a tsakar gida, wata tana wanke-wanke, wata ta zauna kawai ta zuba wa bango ido.

A shekarun ne wata ƙungiya ta ƙasashen waje ta buɗe ofis a gari, tana neman mace mai jin Turanci da Hausa da Fillanci. Na gwada, aka ɗauke ni tafinta, ina zuwa bayan an tashi daga makaranta. Mai riƙe da ofishin wata Baturiya ce doguwa, ta girme ni, gashinta ya fara furfura. Aikinta koya wa mata shiga shugabanci: yadda za su tsaya takarar kansila, da yadda za su nemi kujera a kwamitocin unguwanni masu raba wa 'yan hijira abinci, waɗanda a lokacin duk maza ne a cikinsu.

Ba zan ɓoye ba, na so matar nan. Ta zo gidanmu ta zauna a tabarma, ta ci tuwon masara da hannu, surukata tana ta yi mata dariya. Ba ta kirana da komai sai "'yar'uwata", da wata karkatacciyar Hausa tata. Wata rana muka je taro a wani otal, mai gadi ya buɗe mata ƙofa yana sara mata, ni kuwa ya tare ni ya zazzage jakata a kan tebur. Ta dawo da baya, ta dire tata jakar a gabansa, ta ce sai ya bincika ta kamar yadda ya bincika tawa. Har manaja ya fito yana ba da haƙuri. Ranar na koma gida ina ba maigidana labari kamar ni na yi abin.

Da bama-bamai suka fara tashi a tashoshin mota, manyanta suka hana ta shiga unguwanni. Aikin ya dawo kaina. Ni da wata dattijuwa 'yar Tangale, tsohuwar nas da ke zaune a unguwar Madaki, wadda kowa ke kira Mama, muka riƙa bin gida gida. Mama ta shiga wurin matan coci, ni in shiga wurin matan Islamiyya, mu haɗu a unguwar Bagadaza a zauren wata mai ɗinki. Mun sha zagi. Wani mai unguwa ya ce mana mace ba ta zama cikin dattawa, Mama ta ce masa ita ta karɓi haihuwar 'ya'yansa uku, bai ce mata mace ba ta shiga ɗaki ba. Kafin damina ta zagayo, mata sun zauna a kwamitoci da dama, rabon abinci ya daina tsallake gidajen da ba su da namiji.

Wata yamma Baturiyar ta rufe ƙofar ofishinta ta ce mini wa'adinta ya kusa cika.

"Kujerar nan taki ce, 'yar'uwata," ta ce. "Bai kamata farar fata irina ta ci gaba da jagorantar matan Gombe ba. Ke kika yi aikin. Na riga na rubuta musu."

Ta ce amma sai na zama cikakkiyar ma'aikaciya tukuna, wato sai na bar koyarwa. Maigidana ya ce, "Maman yara, ki jira takarda ta zo hannunki." Na ce masa bai san matar ba ne. Na ajiye aikin gwamnati da na shekara goma sha ɗaya ina yi.

Bayan wata biyu babban shugabansu ya zo Gombe, wani dattijon Bature, ya sauka da safe zai koma da la'asar. Aka tara matanmu a wani ɗakin taro, kowa ta ci ado, domin labari ya bazu cewa ranar za a sanar da ni. Ni ce tafinta kamar kullum, ina tsaye kusa da shi. Ya yabe mu sosai, ina fassarawa, mata suna tafi. Sannan ya gyara murya ya ce matan nan sun ƙware wurin tara jama'a, amma riƙon ofis wani abu ne daban. Ya ce masu ba da tallafi sun fi natsuwa da wanda ya zo daga waje, domin mutanen nan kowa yana da addininsa da ƙabilarsa, da wuya a samu wanda zai yi adalci. Ya ce sun zaɓi wata matashiya daga ƙasarsu, za ta riƙa kula da Gombe daga Abuja saboda tsaro.

Na dakatar da fassarar. Na dubi Baturiyata, wadda ta tsaya wa jakata a ƙofar otal, ina jiran ta ɗago. Tana zaune a gefensa tana juya biro a kan takarda.

"Malama, me ya ce?" in ji Mama daga sahun gaba.

Na fassara musu duka, ban rage kalma ɗaya ba. Da bakina na faɗa wa matan da muka sha rana tare cewa ba za mu iya adalci ba.

Mama ta miƙe da ƙyar, gwiwoyinta suna damunta. Ba ta kalli Baturen ba, ta kalli Baturiyar, ta yi mata magana da Turancinta na asibiti.

"'Yata, ke kin san mu. Ni Kirista ce, wannan Musulma ce, shekara nawa kina ganinmu tare? Ki faɗa masa ba haka ba ne."

Baturiyar ta ɗago, fuskarta ta yi ja. Ta ce shawarar daga sama aka yanke ta, kuma tana da tabbacin za mu ba sabuwar shugaba haɗin kai. Wannan ma ni na fassara.

Washegari na same ta a ofis tana haɗa littattafanta a kwali. A nan na ji sauran labarin. Ta san da maganar tun makonni uku da suka wuce. Kuma ba gida za ta koma ba, an ƙara mata girma ne, za ta shugabanci duk ofisoshin yankin daga Abuja.

"Me ya sa ba ki gaya mini ba?" na tambaye ta.

"Ina ta fatan za su sake shawara."

"Da suka faɗi abin da suka faɗa a kanmu, kin ce musu ƙarya ne?"

Ta ce in fahimce ta, ita kaɗai ce mace a cikin manyan, ta sha wuya kafin ta kai nan. In ta ja da su za su ce mata ba su iya riƙe zuciyarsu ba, wataƙila su rufe shirin gaba ɗaya. Ta ce daga sabuwar kujerarta za ta fi iya taimaka mana. Sai ta fashe da kuka. Abin da ke ba ni haushi har yau shi ne, ni na tashi na dafa kafaɗarta ina cewa ta yi haƙuri, ba komai. Ni da na rasa aikina, ni ce mai rarrashi.

Sabuwar shugabar yarinya ce mai ladabi, ban ƙullace ta ba. Ba ta taɓa kwana a Gombe ba. Takan kira ni ta tambaye ni ina ne Bagadaza, wa ya kamata a gaisar kafin a yi taro, in faɗa mata, ta rubuta ta sa hannu. Na yi wata biyar a haka na ajiye. Gwamnati ba ta mayar da ni ba, sai wata makarantar kuɗi na samu, inda nake har yanzu. Maigidana bai taɓa tuna mini maganar takarda ba, Allah ya saka masa.

Matanmu kuwa suka koma haɗuwa a tsakar gidan Mama, babu ruwan sha na roba, babu kuɗin mota. Wasu suka janye, da yawa suka tsaya. Mai ɗinkin nan ta Bagadaza ta nemi kansila, 'yan jam'iyya suka kayar da ita tun a zaɓen fidda gwani, ta ce za ta sake.

Shekaru bayan haka saƙo ya shigo wayata daga Baturiyar, ina cikin duba littattafan yara. Ta ce tana shirya wani rubutu kan nauyin da ke wuyan fararen mata wajen yaƙi da wariyar launin fata, tana son ta sa hotona da 'yan kalmomi daga bakina kan zaman da muka yi. Na kwana biyu ban amsa ba. Na je na karanta wa Mama, wadda a lokacin ba ta iya fita, ta ce, "Ke dai ki faɗa mata abin da ke ranki, kin yi mata kara da yawa."

Na rubuta mata cewa na yarda, in har za ta sa abin da ya faru a ɗakin taron nan, da abin da shugabanta ya ce, da abin da ita ta ce. Ta amso da cewa ta yi baƙin ciki da har yanzu abin yana raina, kuma ita ba haka take tuna ranar ba. Ban sake rubuta mata ba, ita ma ba ta sake neman hoton ba.