Bappa Sali Mai Dasa Noti a Jikin Mota

Kafin motocin Gella su fara lodi, Bappa Sali ya riga ya shimfiɗa buhunsa a bakin tasha, ya jera injin huda da sifana biyu. Aikinsa dasa noti mai zare a jikin mota, inda hannu ba ya kaiwa ta baya. Ya huda rami daidai bakin notin, ya zura, ya riƙe da sifana ɗaya, ya murɗa da ɗayar, har gindin notin ya kumbura ya ciji ƙarfen. Shi ke nan, ka ɗaura abinka, ka kwance ran da ka ga dama.

Wannan ɗan aikin ne ya hana Gabdo mai walda sakat, ga rumfarsa tana kallon shimfiɗar Sali.

Da muka dawo Mubi daga gudun hijira, motocin da suka tsira duk tsatsa ta ci su. Gabdo ya liƙa wa bas ɗin wani direba, Hammanjoda, kariyar ɗora kaya a rufi da walda, wuta ta ƙarasa rufin. A hanyar Gella kariyar ta fizge da buhunan masara. Daga ranar direbobi suka koma layi gaban Sali.

"Bappa, wane malami ya yi maka aiki?" Gabdo kan jefo wa Sali daga rumfarsa, ido jawur.

"Tsallako ka gan shi mana."

"Ni? Allah ya kiyaye! Ƙarfe wuta yake ji."

Amma Dorcas mai abinci ta ga Gabdo a bayan rumfa yana gwada dasa noti a tsohuwar ƙofa. Ramin ya yi faɗi, noti sai juyi yake, Gabdo na zaginsa har uwa. Ba a jima ba ya fara ɗaure kayansa, wai zai koma noma a ƙauyen Vimtim.

Sali ne ya ƙwala masa kira a gaban direbobi. "Gabdo, hannuna ya fara rawa. Taimaki tsoho, riƙe mini sifanar nan."

Ya zo yana hura hanci. Ya riƙe yau, ya riƙe gobe, jibi shi ke murɗawa. Dorcas ta rantse hannun Sali ko shayi bai taɓa zubarwa ba.

Kai ne, Bappa, ka koya wa mai kishinka sana'a ba tare da ka sa ya roƙa ba. Sarkin sifana, mun gode. Masu ɓoye abin da suka iya, ku duba nan.

Bana Sali ya naɗe buhunsa ya huta, layi ya koma rumfar Gabdo. Na tambayi Gabdo ko yanzu zuciya ta yi sanyi.

"Sanyi ina! Jiya direba ya shafa aikina ya ce ya kusa kai na Bappa. Ya kusa fa! Wallahi ko abinci ban ci ba."