Tafin Hannu a Kan Toka

Shekarata tara lokacin da tukunyar tururi ta fashe a masana'antar fatar da babana yake aiki a Challawa. Ƙarar sai da ta zubo da kwanukan ɗakinmu. An tsinci ƙarafa har cikin gonakin mutane, an tsinci takalmin Baba ƙafa ɗaya. Abin da aka naɗe a likkafani bai taka kara ya karya ba, ni kuwa na kafe cewa ba ubana aka binne ba. Na daina cin abinci, duk yaron da ya yi min ta'aziyya sai na fasa masa baki.

Kaka, mahaifiyar Baba, ba ta iya lallashi ba. Wata rana bayan magariba ta sauke tuwo, ta fizgo ni gaban murhu.

"Zauna nan, mijin banza, ka ji labarin tauraron da ya fashe."

Wai wani tauraro ne mai zafin rai, ya cinye itacensa kaf, ya koma cin cikinsa. Rannan sai ya tarwatse. Ya babbake maƙwabtansa, ya yayyaga sama kamar tsumma, gutsattsarinsa suna gudu suna sare duk abin da suka tarar. Daga nan sai duhu. Taurari suka leƙa, suka ce ba abin da ya saura, suka watse. Uwarsa makauniya ce. Ta zo tana lalube da tafin hannu har ta ji ɗumi, ta ce, "Ɗana yana nan."

Kaka ta binne garwashi da toka, yadda take yi kullum don wutar safe. Sai ta cafki hannuna ta danna a kai. Na fizge, fatar ta riga ta tashi.

"Ka ga wuta?" Na ce a'a. "To me ya cije ka?"

Ranar na ci tuwo da ɗaya hannun, ina kuka.

Na daɗe ina jin haushinta kan wannan ƙuna. Yanzu kimiyyar taurari nake koyarwa. Akwai na'urar hangen sama mai aiki da infrared, wato ɗumi take gani. Inda tauraro ya fashe, ido ya ce ba komai, ita sai ta nuno ƙurar da ya bari, da sauran ɗuminta bayan ɗaruruwan shekaru. Ran da na fara nuna wa ɗalibai hoton, maganar ta maƙale min. Suna kallo na ɗora tafin hannuna mai tabon a kan gilashin kwamfutar, na ce, "Yana nan."