Lawashin Inna a Kan Sikeli

Cikin shekarun saba'in aka tura ni koyarwa Kalgo, a wata makarantar firamare, aka ba ni darasin girki na 'yan mata. Shugabar makarantar ta ce duk abin da za mu koyar sai an rubuta shi da giram, domin gwamnati ta sauya ma'auni. Ni kuwa a gidanmu da hannu da ƙwarya ake awo.

Abin da na fi son koya musu shi ne miyar lawashi ta Inna, mahaifiyata. Ganyen albasa ne ɗanye, da gyaɗa da busasshen kifi, amma ban taɓa cin wadda ta kai tata ba. Ran wata Asabar na ari sikelin makaranta, ƙarami mai faranti a ka, na naɗe shi a zane na hau mota zuwa Gwandu.

Na tarar Baba ya kawo lawashi dami guda daga fadamarsa ta wajen Kambaza, har da laka a gindi. Inna ta juya sikelin gaba da baya, ta ɗauka agogo na sayo mata. Da na yi mata bayani sai ta ce ai aikin bai kai na ɗauko ƙarfe daga Kalgo ba, tukunyar mutum takwas ƙaramar ƙwarya guda take ci.

Na yanka, na cika ƙwaryar, na zuba a faranti: giram ɗari biyu. Na ce ita ma ta cika. Nata ya haura ɗari uku, saboda dannawa take yi da tafin hannu. Bayan azahar na sake gwadawa, lokacin ganyen ya sha rana ya yi yaushi, sai ƙwaryar ta ci fiye da na safe. Na cika shafi da lambobi, babu biyun da suka yi daidai. Raina ya ɓaci, na ce mata ƙwaryarta ba ma'auni ba ce.

Ba ta ji haushi ba. Ta ture ƙwaryar gefe, ta jawo faifan da yankakken lawashin yake kai.

"Ɗiyata, bari in ɗiba kamar miya zan yi. Ke dubi agogonki."

Ta ɗibi hannu uku da ɗan ƙari. Allurar ta tsaya kusa da ɗari uku. Na mayar na cakuɗa, ta sake ɗiba ba ta ko kallo, hankalinta na kan akuyar da ke neman shiga madafi. Nan dai allurar ta tsaya. Na uku ma haka. Da na gaya mata, sai ta leƙa ta kan danga ta kira maƙwabciyarmu ta zo ta gani. Ranar sai da na auna musu gabu, wato busasshen lawashi, da barkono, har da ƙwan zabo.

Ran Litinin na rubuta ɗari uku a allo. Wata yarinya 'yar Dangoma ta ce, "Malama, mu gidanmu babu sikeli." Sai na sa kowace ta auna, ta juye a tafin hannunta ta ƙirga ko cike nawa ne, ta riƙe a ka. Miyar ta yi daɗi, sai dai ta yi duhu, ba koriya shar irin ta gida ba.

Da na koma Gwandu na ba Inna labari, ta tambaye ni ko mun rufe tukunya bayan zuba ganyen. Na ce mun rufe. Ta daɗe tana dariya, ta ce lawashi ba ya son murfi. Shekara ashirin ina zaune kusa da murhunta, ban taɓa lura ba.