Kofur Mai Aski

Kofur ya shekara talatin da wani abu yana aski a wani ɗan shago da ke ƙarƙashin matakalar bene. Kujera ɗaya ce, sai benci, sai madubi mai tsaga a gefe, sai fankar da ba ta juyawa sai an tura ta da tsinken tsintsiya. Duk wanda ya zauna a kujerar nan ba za a yanke shi ba, amma fa ba zai tashi bai ji labarin yaƙi ba.

Takalmi ne ya kai shi soja. Yana ɗan shekara goma sha tara wani maƙwabcinsu ya zo hutu da takalman soja sai ƙyalli suke, 'yan matan layin duk suka bi shi da ido. Kofur ya dubi silifas ɗinsa da aka ɗaure da waya, washegari ya je ya ba da sunansa. Mahaifiyarsa ta yi kuka har muryarta ta dishe. Wata huɗu da shigarsa, yaƙi ya ɓarke.

Harbi bai karɓe shi ba. A wajen horo ya taɓa auna allo ya fasa tankin ruwa. Ranar da kyaftin ɗinsu ya gan shi yana gyara wa abokinsa gashi da reza, sai ya ce, "Kai, ajiye bindigar nan kafin ka ƙarar da mu." Haka ya zama mai askin runduna, yana bin su daji-daji da almakashi da kujerar ninkewa.

Mutum in yana ƙarƙashin reza bakinsa kan buɗe, Kofur kuwa akwai tambaya. Kowa ya zauna sai ya ce masa, "Kai me ya kawo ka?" Wani abinci sau uku a rana ne ya kawo shi. Wani yayansa ne ya kira shi matsoraci a gaban mutane. Wani kuma an ƙone gidansu da kakarsa a ciki. Manya dai sun ce a kan wani kogi ake yaƙin.

Wata rana da hantsi aka kawo masa fursuna, hannu a ɗaure, gemu duk ƙwarƙwata. Da ya ga reza sai ya zabura ya ja da baya.

"Kwantar da hankalinka, ɗan'uwa, gemun kawai zan ɗauka," in ji Kofur. "Kai me ya kawo ka?"

"Rediyonmu ne ya ce za ku zo ku ƙwace kogin."

"Ikon Allah! Mu ma haka namu ya ce. Ka taɓa ganin kogin?"

"Na gani mana. Da rani akuya ma tsallake shi take yi."

Suka yi ta dariya har mai gadi ya daka musu tsawa. Da yamma mota ta tafi da mutumin, Kofur bai ƙara jin ɗuriyarsa ba.

Akwai abin da ba ya cika faɗa a shago. In an kawo gawawwaki fuska ta ɓaci, shi ake kira, domin yana gane kowa ta ƙeya. Matarsa kaɗai ta san yawansu.

Bayan shekara uku aka sulhunta, ya dawo gida da kanta a tafin hannu da igiya biyu a kafaɗa. Yanzu gwiwa ta fara gardama, 'yarsa kullum sai ta ce, "Baba, ka rufe shagon nan ka huta." Sai ya ce to, da safe kuma ya ɗauki makulli.

Kwanan baya wani malamin makaranta ya tsare shi da tambaya, kumfa har kunne. "To Kofur, kai da ka je ka gani, me ke sa mutane yaƙi?"

Kofur ya goge reza a tawul. "Malam, na aske kawunansu, namu da nasu, amma ban ga abin da ke ciki ba. Ɗan sunkuya."