Hannun da Aka Binne a Dunƙule

Injin sussukar gero ne ya cinye mini hannun dama, a gonarmu ta bayan Zurmi. Likita ya yanke abin da ya saura, yayana ya naɗe shi a farin ƙyalle ya kai maƙabartar ƙauyenmu.

To, hannun bai tafi ba. Shekara huɗu ina jin shi a dunƙule, farata sun nutse cikin tafi kamar ƙayar aduwa. Duk wanda na faɗa wa sai ya dubi hannun rigata yana lilo ya ce, "Allah shi sawwaƙe." Ni fa ba taɓuwa na yi ba!

Gwaggona kaɗai ta yarda da ni. Ta ce a dunƙule aka binne shi, sai an tono an miƙe yatsun. Na tambayi yayana, ya sunkuyar da kai. Sauri yake ranar, bai duba ba. Har yau ban gama yafe masa ba. Kuma wa zai je tono? 'Yan bindiga sun tashi ƙauyen, dukanmu muna Kaura a gidan aro.

Bara wasu ma'aikatan lafiya suka zo asibiti da wani ƙaton tabarau mai rufe ido ruf. Na je ne don kada a ce na ƙi. Wata yarinya a cikinsu ta ɗaura mini, ta liƙa wayoyi a dungun, ta ce, "Baba, buɗe hannunka."

Na kusa zaginta. Sai ga hannun dama a gabana a cikin tabarau ɗin, ya fi nawa haske, ba ko kanta. Na yunƙura, yatsun suka buɗe. Wallahi ciwon ya sake ni. Na yi kuka a gaban sa'ar 'yar cikina, ko kunya ban ji ba.

Kwana uku ina zuwa. Ran na ukun ta ce gwaji ne, gobe za su koma da kayansu, ba ta san ko za su dawo ba.

Na ce, "To ɗiyata, alfarma ɗaya. Kada ki kashe tabarau ɗin sai hannun yana buɗe. Kada a sake ajiye shi a dunƙule."

Ba ta yi dariya ba. Ta jira na shimfiɗa yatsun duka biyar, sannan ta kashe.

Na ƙi hawa babur don kada a jijjiga hannun, na taka a hankali. Daidai tashar jirgin ƙasa ƙaramin yatsan ya fara lanƙwashewa. Na tsaya a tsakiyar hanya ina roƙon sauran huɗun.